Kwamfuta ta ce babu, alhali akwai: fashin baƙi kan neman rubutu a rumbun bayanai

Me ya sa ma'aikaci zai buga sunan mutum, kwamfuta ta ce masa babu, alhali an rubuta sunan kuma yana nan a ajiye? Duk mai zama cikin Hausawan Legas, daga Zangon Agege zuwa Idi-Araba da kasuwar Mile 12, ya saba jin wannan koke. Wannan ya je asibiti an ce ba a ga katinsa ba, sai da ya yanki sabo. Wancan an aiko masa da kaya daga Kano, yaron ofishin mota ya duba ya ce ba a shigar da su ba, ga su kuwa jibge a sito. Tun ƙarshen 2020 da gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, zancen "sunanka bai fito ba" ya ƙara yawa a bakin jama'a.

A majalisa an fi dangana abin ga ɗayan uku: ko an goge sunan da gangan don ƙin ɗan Arewa, ko ma'aikaci na neman na goro, ko kuma netwok. Ban ce ba a yin waɗannan ba. Amma akwai dalili na huɗu da ba a cika ambata ba, wato irin neman da aka koya wa kwamfutar. Idan ta ce babu, abin da take nufi shi ne, bisa ƙa'idar da aka ba ta, ba ta ga abin da ya dace da wanda aka buga ba. Ƙa'idar kuwa mutum ne ya zaɓa, kuma galibi bai zaɓe ta da Hausa a ransa ba.

Rumbu, tebur da layi

Bayanan banki, asibiti, makaranta da shagon intanet duk a rumbun bayanai ake ajiye su. A ciki akwai tebura, kowane tebur da layukansa a kwance da ginshiƙai a tsaye. Layi ɗaya yana wakiltar mutum ɗaya ko kaya ɗaya, ginshiƙai kuma su ne suna, lambar waya, unguwa da ƙarin bayani. Manhajojin da aka fi yin wannan aiki da su sun haɗa da MySQL, PostgreSQL, SQLite da SQL Server na Microsoft, kuma da yaren SQL ake yi musu tambaya.

Nema da lamba ba shi da wahala. NIN da BVN kowacce lambobi 11 ce, ko ta yi daidai ko ba ta yi ba. Rikici yana farawa ne idan abin da ke hannu rubutu ne: suna, adireshi, ko bayanin kaya da wani magatakarda ya rubuta yadda ya ga dama.

Tsohuwar hanya: bin layi ɗaya bayan ɗaya

Abin da ɗan koyo ke fara sani shi ne umarnin LIKE. Idan ya rubuta LIKE '%albasa%', yana cewa a kawo masa duk layin da waɗannan haruffa shida suka zo a jere, ko a farko ko a tsakiya ko a ƙarshe. Manhajoji da yawa a kan wannan aka gina akwatin bincikensu, kuma a ƙaramin tebur yana biyan buƙata.

Matsalarsa ta farko nawa ce. Fihirisar da aka saba yi wa ginshiƙi, wato jerin da ke nuna wa rumbu inda abu yake don saurin nema, tana jera rubutu ne bisa farkonsa, don haka tana taimakawa idan ana neman sunan da ya fara da "Abu". Da zarar an ce a nemo "bakar" a ko'ina cikin suna, ta tashi daga aiki, dole rumbun ya buɗe kowane layi ya karanta. Layi dubu ba komai ba ne. Layi miliyan biyar, ga mutum ɗari suna nema a lokaci guda, nan ne ma'aikaci ke kallonka ya ce netwok ne, alhali layin intanet lafiyarsa ƙalau.

Ta biyu kuma, LIKE bai san kalma ba, haruffa kawai ya sani. Ka nemi "kara", kasuwar shanu kake nufi, ya kwaso maka shekara da makaranta da takara da karatu. Ka nemi "Musa Ibrahim", a ciki kuma an rubuta "Ibrahim Musa" ko "Musa A. Ibrahim", ya ce babu. Abin da ya samo ma ba ya iya cewa wanne ya fi kusa da buƙatarka, zube su kawai yake yi.

Yadda binciken cikakken rubutu yake aiki

Almajiran ilimi sun san littafin fihirisar kalmomin Alƙur'ani, irin wanda malamin Masar Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ya tsara. Mai neman aya ba sai ya faro daga Fatiha ba. Zai duba kalmar a ƙarƙashin tushenta, ya tarar da jerin duk surori da ayoyin da ta zo a ciki. An sha wahalar sau ɗaya lokacin tsarawa, mai nema ya huta. Binciken cikakken rubutu haka yake, sai dai kwamfuta ce ke gina fihirisar, tana kuma sabunta ta duk sanda aka ƙara layi.

A ce wani dillali a Mile 12 yana da layuka uku. Na 1: "Albasa ja daga Aliero, buhu 40." Na 2: "Tumatir ɗin Kadawa, kwando 15." Na 3: "Albasa da attaruhu, buhu 12." Rumbun zai datsa kowace jimla kalma-kalma, ya mai da manyan haruffa ƙanana, ya rubuta a gefe cewa albasa tana layi na 1 da na 3, tumatir yana na 2, Aliero tana na 1. Idan aka nemi "Aliero albasa", jeri biyu kawai zai duba ya ga inda suka haɗu, wato layi na 1. Bai damu da wadda ta riga wata zuwa ba, kuma bai taɓa sauran teburin ba.

Kafin kalma ta shiga fihirisa tana bin wasu matakai, kuma a nan ne duk maganar take. Akwai mai datsawa, wanda ke yanke hukuncin inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Akwai jerin kalmomin da ake watsarwa don sun yi yawa har ba sa bambanta layi da layi. Akwai kuma mai mai da kalma tushenta, don mai neman tilo ya samu jam'i. Shahararren tsarin yin haka ga Turanci Martin Porter ne ya fitar da shi a 1980.

Sai jera sakamako. A 1972 Karen Spärck Jones ta Jami'ar Kambirij ta nuna cewa kalmar da ba ta cika fitowa ba ta fi mai yawan fitowa nauyi wajen gane abin da ake nema. A teburin dillalin nan, "buhu" ba ta faɗa maka komai, "Aliero" kuwa ta kusa kai ka ga layin. A kan wannan tunani aka gina lissafin da ake kira BM25, wanda SQLite da Elasticsearch, wata manhajar bincike mai zaman kanta, suke amfani da shi. PostgreSQL nasa lissafin ya bambanta: yana duba yawan kalmar da matsayinta a cikin layin kansa, ba ya auna ta da sauran teburin.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Doug Cutting ya rubuta injin bincike mai suna Lucene a 1999, a kansa aka gina manhajojin Solr da Elasticsearch. PostgreSQL ya shigar da wannan bincike cikin ainihin jikinsa a sigar 8.3 ta 2008. MySQL yana yin sa da umarnin MATCH da AGAINST, kuma daga sigar 5.6 ya kai shi ga nau'in teburansa da ake kira InnoDB. Ba kuma kyauta ake samun saurin ba, domin fihirisa tana cin wuri, shigar da sabon layi ma yana ɗan ƙara nauyi.

Inda Hausa ke zubewa a hanya

Mai gina manhaja a Yaba ko Ikeja zai kunna wannan bincike, ya gwada da Turanci, ya ga komai daidai, ya miƙa wa mai aiki. Abin da bai duba ba shi ne saitin da rumbun ya zo da shi daga masana'anta.

Ɗauki tsawon kalma. A MySQL, teburin InnoDB ba ya sa kalmar da ta gaza haruffa 3 a fihirisa sai an canza saiti. Ci, ji, yi, zo, duk sun fita. A tsohon nau'in MyISAM kuwa mafi ƙaranci haruffa 4 ne. Wannan yana nufin Ali, Isa, Ado da Uba ba za su taɓa fitowa a bincike ba, ko da mutum ɗari masu sunan suna cikin teburin. Ba wanda ya goge su, fihirisar ce ba ta ɗauke su kalmomi ba. MyISAM yana da wata ƙa'ida kuma a bincikensa na yau da kullum: kalmar da ta fito a rabin layuka ko fiye ana yin watsi da ita. Dillalin da yawancin kayansa albasa ce zai buga "albasa" a ce masa babu.

Jerin kalmomin watsarwa ma na Turanci ne. Wanda PostgreSQL ke amfani da shi idan an bar saiti a Turanci ya ƙunshi "so", "me", "can", "don", "an" da "in". Wasunsu a Hausa ma ba su da nauyi sosai, amma shafin da ke ajiye waƙoƙi ko labarai ya rasa kalmar "so", ai an yi asara. A gefe guda "da" da "na" da "ta", waɗanda suka cancanci a rage musu nauyi, suna nan cike da fihirisa.

Sai haruffa masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, inda mu muke rubuta 'y. A wurin kwamfuta ƙ da k haruffa biyu ne daban, kowane da lambarsa a tsarin Unicode. Wanda ya shigar da "Ɗanladi" da madannin Hausa, wani ya zo ya nemi "Danladi" da madannin ofis, ba lallai su haɗu ba. Akwai dabarar cire alamomin da ke kan haruffa irin na Faransanci, inda ake raba harafi da alamarsa a jefar da alamar. Wannan dabara ba ta aiki a kan namu, don lanƙwasar jikin harafin ce, Unicode bai ware ta a matsayin alama ba. Sai an sa ƙa'ida ta musamman da ke cewa ƙ ta koma k. Lucene yana da matatar da ke yin hakan, amma sai an kunna ta.

Alamar ɗauri ta fi kowanne rikitarwa. A'isha, Sa'idu, Isma'il, 'yan kasuwa, 'ya'ya. Wani mai datsawa yana ɗaukar alamar a matsayin iyaka, sai Sa'idu ya rabe gida biyu, "sa" da "idu". Alamar ma ba iri ɗaya ba ce: wayar hannu takan sa mai lanƙwasa, kwamfuta ta sa miƙaƙƙiya, a ido kusan ɗaya, a lamba daban. Ga kuma masu rubuta k' da d' da b' don ba su da madannin Hausa.

Tushen kalma shi ne babban aiki. Bature yakan ƙara harafi ɗaya ya yi jam'i. Mu kuwa gida gidaje, mota motoci, kwando kwanduna, doki dawaki, akuya awaki, tunkiya tumaki, sa shanu. Babu yanke wutsiyar da zai mai da "shanu" ta koma "sa". Mahauci a Oko-Oba da ya nemi akuya ba zai ga layin da aka rubuta awaki ba. Ga kuma harafin mallaka da ke manne a ƙarshe: albasa da albasar, buhu da buhun, kowacce kalma ce daban a fihirisa. PostgreSQL yana zuwa da saitin harsuna da dama, har da Larabci, amma babu Hausa a ciki. Masu bincike a jami'o'i sun yi ayyuka kan tace tushen kalmomin Hausa, sai dai aikin bai shiga cikin kayan da mai gina manhaja ke tararwa a shirye ba.

Suna ɗaya, rubutu biyar

Legas tana da nata ƙarin. Wanda ke zaune a bayan kanta sau da yawa Bayarabe ne ko Ibo, kuma yadda kunnensa ya ji ko yadda ya saba gani zai rubuta. Sulaiman ya zama Suleiman ko Sulaimon, Ibrahim ya zama Ibraheem, Ƙasimu ya zama Kasim ko Qasim, Muhammad kuwa ba a magana. Ba mugunta ba ce, Musulmin Yarbawa haka suke rubuta nasu.

Binciken cikakken rubutu shi kaɗai ba ya warware wannan, don a wurinsa kalmomi ne mabambanta. Dabarar da ake ƙarawa ita ce datsa suna haruffa uku-uku a gwada yawan gutsattsarin da suka yi tarayya. PostgreSQL yana da ƙari mai suna pg_trgm don haka, SQLite ma ya samu mai datsa haruffa uku-uku a 2020. Da lissafin pg_trgm, kamannin Sulaiman da Suleiman 0.5 ne, sun wuce iyakar 0.3 da ya zo da ita, don haka za su haɗu. Muhammad da Mohammed kuwa 0.2 suke samu, ba su kai ba. Sunan da ya fi kowane yawa a cikinmu shi ne ke faɗuwa a saitin asali.

Akwai tsohuwar dabarar Soundex mai bin sautin suna, wadda aka ƙirƙira don sunayen Turawa. Tana haɗa Muhammad da Mohammed a lamba ɗaya, M530, amma Mahmud ma nan yake faɗawa, ga shi kuwa wani suna ne. Sannan babu lissafin haruffa ko na sauti da zai gane cewa Garba Abubakar ne, Mamman Muhammad ne. Wannan sai ɗan gida ya rubuta ya ba kwamfuta.

Inda masu sana'ar suka rabu

Wasu na ganin ƙaramar sana'a ba ta buƙatar duk wannan, LIKE ya isa. Idan layukan ba su wuce 'yan dubbai ba, ta fuskar sauri suna da gaskiya, amma sauri bai gyara matsalar "Ibrahim Musa" ba. Wasu kuma da an ce bincike sai su ɗauko Elasticsearch. Ƙarfinsa ba a musu, sai dai wata na'ura ce ta biyu da za a riƙa biya wa haya, galibi da dala, kuma dole a riƙa kwafa mata duk abin da ya canza a rumbu. Ranar da kwafin ya tsaya, wanda aka yi wa rajista da safe ba zai fito da rana ba. Ni a ganina asibitin unguwa ko ƙungiyar 'yan kasuwa su fara da abin da rumbunsu ya zo da shi, su kashe ƙarfinsu wajen saita shi.

Yanzu kuma ana ta zancen binciken ma'ana da ƙirƙirarriyar basira, wanda kan iya gane cewa "mota" da "tirela" dangi ne. Yana da amfani ga tarin labarai da fatawoyi. Ga neman mutum takamaimai kuwa, kusa-kusa ba ta wadatar.

Saɓanin da ya fi shafar mu shi ne na lanƙwasa. Masu kishin rubutun Hausa suna tsoron idan aka mai da ƙ ta zama k, an haɗa ƙafa da kafa, baƙi da baki, ɓata da bata. Tsoron yana da tushe. Amma ba sai an taɓa ainihin rubutun ba. A bar suna yadda mai shi ya rubuta, a yi wani ginshiƙi na ɓoye da aka sauƙaƙa haruffansa don bincike kawai, sannan wanda lanƙwasarsa ta yi daidai da abin da aka buga a sa shi a sama. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a hana mutum rubuta Ɗ a sunansa don a sauƙaƙa wa injin.

Abin da ke faɗo wa talaka

Bincike mai tsauri yana haifar da kati biyu ko uku ga majinyaci ɗaya, tarihin ciwonsa ya warwatse, likita ya rubuta magani bai ga abin da aka ba shi bara ba. Yana sa a biya kuɗin rajista sau biyu, a yi asarar yini guda a cunkoson hanya daga Agege zuwa cikin gari a koma hannu rabbana.

Bincike mai sako-sako ma yana da nasa haɗarin, har ya fi. Muhammad Sani nawa ne a Idi-Araba kaɗai? Idan manhaja ta kawo goma, ma'aikaci ya danna na farko don layi ya yi tsawo, an ɗora wa wani bashin wani ko sakamakon gwajin wani. Don haka neman rubutu aikinsa kawo waɗanda ake zato ne, tabbatarwa kuma sai da lambar waya, ranar haihuwa ko lambar kati. Sauƙin nema yana kuma nufin duk ma'aikacin da ke da akwatin bincike zai iya leƙa bayanan wanda ba ruwansa da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanai nauyin tsare su, saboda haka ya kamata a taƙaita wanda ke iya nema, a kuma ajiye tarihin abin da kowa ya nema.

Wanda aka ce wa babu yana da abin yi kafin ya juya. Ya roƙi a nema da lambar waya ko lambar tsohon kati. Idan dole sai da suna, a gwada kalma ɗaya maimakon cikakken suna, a juya na farko da na mahaifi, a cire alamar ɗauri, a gwada rubutun da aka saba da shi a nan Kudu. A wurin sabuwar rajista kuma ya miƙa katin shaida a kwafa, kada ya faɗa da baki.

Matasanmu da ke rubuta manhaja su ne gyaran ke hannunsu, kuma yawancinsa aikin kwana kaɗan ne. A PostgreSQL a bar saitin Turanci a koma wanda ake kira simple, wanda ba ya yanke wutsiyar kalma. A mai da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ haruffa marasa lanƙwasa a ginshiƙin bincike, a daidaita alamar ɗauri iri ɗaya wajen ajiya da wajen nema. A MySQL a sauke mafi ƙarancin tsawon kalma, a sake gina fihirisa, don canza saiti kaɗai ba ya taɓa tsofaffin layuka. Sai jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya, wanda a PostgreSQL fayil ne na rubutu zalla, kowane layi kalma biyu: mohammed muhammad, sulaimon sulaiman, awaki akuya, shanu sa. Na kayan kasuwa ana iya faɗaɗa shi yadda ake so. Na sunayen mutane kuwa a yi shi da taka-tsantsan, laƙabi irin Garba da Mamman a ware su daban, su fito a ƙasan sakamako a matsayin zato, don ma'aikaci ya tambayi mai sunan kafin ya danna.